Littafin Uban Ƙasa

Shekara ashirin da shida ina riƙe da alƙalami
a zauren Marafa, ɓangaren da rufi ke ɗiga.
A takarda ƙasarmu gari talatin da tara ce.
Wanda ya bi ta da ƙafa, shi da ƙafarsa suka sani.

Littafin na gaje shi daga hannun Malam Nomau,
gara ta ci masa gari biyu tun kafin in zo.
Ran da ya miƙo mini ya ce, "Yaro,
mutum ba buhun gero ba ne,
kana juya baya ya motsa."

Bai yi ƙarya ba.
Zamanin da ake bin gida-gida don haraji,
Tungar Arzika magidanta sha ɗaya gare ta,
sauran wai sun tafi ci-rani,
ga takalmansu kuwa jere a ƙofar masallaci.
Shekarar da aka ce taki ya iso Dakingari,
tungar nan ta haihu a dare ɗaya:
magidanta tamanin da huɗu,
har da Barmo, wanda da ni aka kai shi makwanci.
Na rubuta shi.
Gonarsa na nan, marayunsa biyar na nan,
shinkafa kuwa ba ta tambayar wa ya mutu.

Rugar Jaɓɓi da fensir nake rubuta ta,
kaka tana gabas da gulbi, bazara ta haye yamma.
Sarkawa kuma, ta ina zan fara?
Wanda ke kwana cikin jirgi,
a wace gaɓa za ka ce gidansa yake?

Kulu ungozoma ta fi ni lissafi, na sani.
Duk cibiyar da ta yanke
sai ta jefa ƙwallon tsamiya cikin gora.
Na taɓa girgiza goran nan, na ji nauyinsa,
na koma na dubi littafina, kunya ta kama ni.
Na ce, "To waɗanda suka koma fa, kina cirewa?"
Ta ce, "Wannan aikin maza ne, ku ke da fartanya."

Bara ruwa ya zo wa Tungar Gado bayan isha.
Da safe giginya uku muka tarar,
da bakin rijiya, da turmi ɗaya a kife.
Mutanenta sun watsu kamar gero a hannun mai shiƙa,
wasu a ajin firamare, wasu Kamba, wasu har Yawuri.
Amma hakiminsu bai fasa zuwa gaisuwar Juma'a ba.
Rawanin aro, keken aro,
ya zube inda ubansa ya saba zubewa.
Marafa ya ce, "Gado, ya mutanenka?"
Ya ce, "Suna gaisuwa, ranka ya daɗe."
Ba wanda ya yi tari a zauren.

Jiya takarda ta zo daga ƙaramar hukuma,
mai layi-layi, kowane gida ɗan ƙarami,
ko sunan mutum ba zai miƙe ƙafa a ciki ba.
Suna son adadin garuruwa kafin Litinin,
da shi za a raba rijiyoyin burtsatse.

Marafa ya cire tabarau ya ce, "Malam, mu nawa ne?"
Na buɗe shafin Tungar Gado.
Rubutun Malam Nomau ne, tawadar ta yi ja,
gida ashirin da bakwai, jaki tara, masaƙi ɗaya.
Na ɗora alƙalami a farkon layin don in ja,
sai na ji ƙarar keke a ƙofa,
ga shi kuwa ba Juma'a ba.

Ya zo tambaya ne, wai ko an ce a rubuta sunaye.
Na ce an ce.
Ya zauna, ya fara daga gidan gabas.